Tambaya da Amsa: Zuwa Jos, Garin Kuza, da Ɗan Guzuri

Saƙonnin da suka taru a wannan wata daga Katsina da Daura yawancinsu kan Jos ne, daga matasa masu son zuwa da jaka a baya da kuma iyayen da hankalinsu bai kwanta ba. Mun miƙa tambayoyin ga direban da ya daɗe yana lodi tsakanin Kano da Filato, da malamin ilimin ma'adinai, da wata malama mai kai ɗalibai ziyarar wuraren tarihi. Ga abin da suka ce.

Tambaya: Assalamu alaikum. Mu huɗu ne, ɗalibai, muna so mu je Jos mu yi kwana uku bayan jarrabawa. Kuɗinmu ba yawa. Wace hanya za mu bi, kuma yaya za mu yi lissafi? (Ɗalibi, Ƙofar Sauri, Katsina)

Amsa: Wa alaikumus salam, samari. Ku fara lissafin lokaci kafin na kuɗi, domin yawancin asarar da baƙo ke yi a wannan tafiya daga makara take farawa. Daga Katsina zuwa Kano ta Kankiya da Bichi kilomita 170 ne da ɗoriya, awa biyu da rabi zuwa uku. Mai tasowa daga Daura ta Kazaure da Ɗambatta ya fi ku sauƙi kaɗan. Motocin Katsina da Daura yawanci Ƙofar Ruwa suke sauke fasinja, na Jos kuwa sai an tsallaka gari zuwa Unguwa Uku, kuma wannan tsallakawar da cunkoson safe takan ci kusan awa guda. Daga Kano akwai hanyar Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, ta ratsa dajin Falgore ta haɗe da titin Zariya wajen Saminaka, kusan kilomita 300. Akwai kuma ta Zariya da Pambeguwa, wadda ta fi tsawo da kusan kilomita 100. Kowace aka bi, ku ware awa biyar zuwa shida, saboda ramuka da shingayen jami'an tsaro.

Ku tara waɗannan, za ku ga wuni guda ne cur. Wanda ya shiga motar farko bayan sallar asuba zai sauka Jos tsakanin la'asar da ƙarfe biyar, da sauran rana da zai nemi masauki da ƙafarsa, ya duba ɗaki biyu ko uku, ya yi ciniki. Wanda ya bar Katsina ƙarfe goma zai tarar motocin safe sun tashi a Unguwa Uku, ya zauna jiran a cika, ya shiga Falgore da almuru, ya isa Jos bayan isha'i. A lokacin sai shatar Keke da kuɗin da mai Keken ya yanka, sai otal ɗin da aka fara gani ko nawa ne. Idan ƙarfe goma sha biyu ta yi muku a Kano mota ba ta tashi ba, ku kwana wajen ɗan'uwa ku yi sammako. Dajin nan ba a shigarsa da dare don a rage kuɗin kwana ɗaya.

A cikin tasha za ku shiga mota, inda ake rubuta suna da lambar wayar wani naku a takarda. Motar bakin titi takan rage muku wani abu, amma ba wanda ya san kun shige ta, kuma ita ce mai sayar da fasinja ga wata mota a tsakiyar hanya. Kafin ku biya, ku tambayi ɗan kamasho mutum nawa suka rage, ku kuma ƙirga da idonku.

Ba za mu rubuta muku naira kaza ba, don tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kuɗin mota ba ya zama wuri ɗaya. Ku je tasha kwana biyu kafin tafiya ku ji farashin ranar. Biya shida ne a gabanku: Katsina zuwa Kano, Keke a cikin Kano, Kano zuwa Jos, sannan ukun dawowa. Kuɗin dawowar ku ƙara masa kashi ɗaya cikin huɗu, ku ajiye shi a asusun da ba za ku taɓa ba, ko a ɗinke shi a aljihun ciki. A irin wannan tafiya mota kan cinye kusan rabin guzuri, masauki ya biyo baya, abinci da kuɗin shiga wurare su ne ƙanana. Zamanku huɗu ya taimake ku: ɗaki biyu, mutum bibbiyu, kuma duk shatar da kuka ɗauka a raba huɗu.

Tambaya: An ce sanyin Jos yana kwantar da baƙo, wasu ma sun ce numfashi yana wuya saboda tudu. Me zan zuba a jaka? (Tela, Sabuwar Unguwa, Katsina)

Amsa: Malam, maganar numfashi ka cire ta daga ranka. Jos tana kan tudun da ya kai mita 1,200 daga doron teku, Katsina kuwa wajen mita 500. Ciwon da tsawo ke jawowa sai an haura mita 2,500 yake fara kama mutane. Sanyin ne gaskiya, kuma iri biyu ne. Na Disamba da Janairu ka san ɗan'uwansa a hunturun gida, sai dai a can dare kan sauka ƙasa da digiri 10. Wanda Bakatsine bai saba da shi ba shi ne na Yuli da Agusta: ruwan da Jos ke samu a shekara, wajen milimita 1,400, ya ninka na Katsina, ana wuni ana yayyafi da hazo, wani lokacin har da ƙanƙara, kayan da aka wanke su kwana biyu a igiya ba su bushe ba. Jiƙaƙƙen kaya a jiki da iska, shi ne abin da ke kwantar da baƙo.

Jakar goyo mai cin lita 30 zuwa 35 ta isa, kada nauyinta ya wuce kilo takwas. Wadda za ka iya ɗorawa a cinya ba a karɓar mata kuɗin kaya, ba kuma a danne ta da buhu a but. Ka fara shimfiɗa babbar leda mai kauri a cikinta kafin ka zuba komai, ka ɗaure bakin ledar, domin jakunkunan kasuwa ba sa tare ruwa ko da mai sayarwa ya rantse. Masu nauyi su zauna daidai gadon bayanka, marasa nauyi a ƙasa da gefe. Kaya kala uku sun wadatar, ɗaya na zuwa masallaci, biyu na yawo. Shadda mai sitaci ka bar ta a gida. Singileti biyu, suwaita ɗaya, rigar ruwa ko lema, safa ƙafa uku, hular sanyi mai rufe kunne, kambas mai gurzajjen ƙasa da silifas na banɗaki. Riga biyu marasa kauri a haɗe sun fi jibgegiya guda amfani, don da hantsi rana kan buɗe, sai ka cire ɗaya. Idan ba ka da suwaita kada ka sayi sabuwa a nan. Gwanjon kayan sanyi ya fi yawa a kasuwar Katako da wajen Taminus, ka saya ranar da ka sauka. Ka haɗa da tocila, batirin cajin waya, man kaɗanya ko basilin don leɓe da dunduniya, da katin shaidarka a aljihu. Akwai sauro a Jos duk da sanyin, gidan sauro mara nauyi ba zai yi yawa ba.

Abu ɗaya muke roƙon kowa. Kada a shiga ɗaki da gawayi a kasko ko kurfoti a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da iskar guba marar wari marar launi. Tana fara wa mutum da ciwon kai da kasala, barci ya ɗauke shi, ya wuce a cikinsa. Haka ma hayaƙin janareta idan an ajiye shi a baranda kusa da taga. A nemi ƙarin bargo, a sa safa da hula a kwanta.

Tambaya: Ɗana ya dage sai ya bi abokansa Jos. Ni abin da na sani game da garin rikici ne. Ina zai kwana, me zai ci, kuma ina ne bai kamata ya taka ba? (Uwa, Daura)

Amsa: Hajiya, fargabarki tana da tushe, ba za mu ce miki babu komai ba. An yi manyan rikice-rikice a Satumbar 2001, da Nuwambar 2008, da Janairun 2010, an rasa rayuka Musulmi da Kirista. Babbar kasuwar Taminus ta ƙone a 2002. A Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba an kashe su. Har yanzu ƙauyukan Barikin Ladi da Riyom da Bokkos da Mangu da Bassa suna fama da hare-hare lokaci zuwa lokaci. Amma kuma gari ne da ɗaruruwan dubban mutane ke kwana su tashi, ɗaliban jami'a daga ko'ina suna karatu, motocin kayan gwari suna fita kowace safiya. Abin da rikicin ya bari shi ne rabuwar unguwanni, kuma baƙon da ya san wannan ya rage wa kansa haɗari mai yawa.

Ya sauka a tashar Bauchi Road ko kusa da ita, ya nemi masauki a ɓangaren da Hausawa suka fi yawa: wajen Masallacin Juma'a, Gangare, Dilimi, Unguwar Rogo, Ali Kazaure. A nan akwai ƙananan gidajen baƙi masu sauƙin kuɗi. Kafin ya biya ya ga ɗakin da idonsa: sakata tana kamawa, akwai ruwa a banɗaki ko a bokiti, za a ba da ruwan zafi da safe, bargo nawa ne, ƙarfe nawa ake rufe get. Ya biya na kwana ɗaya tukuna ya karɓi rasit. Mafi kyau ma, idan kuna da wani a can, ɗan kasuwa ko malami ko ɗalibi, ki kira shi da kanki ki damƙa masa amanar yaron. Ko bai ba shi ɗaki ba zai faɗa masa yadda gari ya kwana.

Da rana ana cuɗanya ko'ina, a Taminus da titin Ahmadu Bello da gidan tarihi, kuma Hausa ce harshen kasuwa a bakin Birom da Anaguta da Afizere da kowa. Ya yi gaisuwa, ya girmama mutane, ya nemi izini kafin ya ɗauki hoton wani ko gonarsa. Kada ya shiga gardamar wane ne mai Jos ko ta addini a cikin mota ko teburin mai shayi. Magariba ta same shi a unguwar da ya sauka. Gwamnatin jihar ta hana acaɓa a cikin Jos da Bukuru, kuma akan taƙaita zirga-zirgar Keke da dare idan an ga alamar tashin hankali, saboda haka wanda ya yi nisa da yamma zai iya rasa abin hawa. Ranar Juma'a da ranar Lahadi akan tare wasu tituna kusa da masallatai da coci-coci. In ya ga mutane na gudu ko ana rufe shaguna, ya shiga wuri mafi kusa ya zauna, kada ya tsaya ɗaukar bidiyo. Idan aka sa dokar hana fita a makon da za su tafi, a ɗage tafiyar.

Abinci ba matsala. Masa da miya, tuwo, shinkafa da wake, ƙosai, soyayyen dankalin turawa da ƙwai, duk akwai da araha a waɗannan unguwanni. Ya ɗanɗana gwaten acca, abincin mutanen ƙasar ne, ana yin sa da ganye. A wasu sassan garin ana sayar da naman alade da na kare, to idan yunwa ta kama shi a inda bai sani ba ya tambaya a mutunce ko ya tsaya ga kifi da ƙwai. Ki haɗa masa ƙuli-ƙuli da garin kwaki da dabino da ɗan kilishi. Suna rage kuɗin abincin rana kuma ba sa lalacewa. Batun salla kuwa, a mazhabar Malikiyya zai yi ƙasaru muddin bai yi niyyar zaman kwana huɗu ba.

Tambaya: Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan ce an ɗebi yayansa zuwa haƙar kuza lokacin yaƙin Hitila, bai dawo ba. Ina so in je in ga wurin da idona. Me ya rage da za a gani? (Dattijo, Ƙofar Marusa, Katsina)

Amsa: Allah ya jiƙansu da rahama, Baba. Abin da mahaifinku ya faɗa ya faru. A farkon 1942 Japan ta ƙwace Malaya (Malesiya ta yau) daga hannun Ingila, ƙasar da ta fi kowace haƙo kuza a lokacin, sai Turawa suka juyo kan Filato. Daga 1942 zuwa 1944 aka riƙa ɗibar mutane ta hannun En'e, hakimi ya yanka wa dagaci adadi, dagaci ya kawo samari, a kai su aikin wata huɗu-huɗu. Mutane suka sa masa suna ɗiban gwamna. Lardin Katsina yana cikin waɗanda aka ɗiba, a ƙarshen zamanin Sarki Dikko. Dubun-dubatar mutane aka kai, daga ƙasa mai zafi zuwa bukkokin bariki a kan tudu, babu isasshen bargo babu isasshen hatsi, suna wuni cikin ruwa da laka da kwano a ka. Ciwon haƙarƙari da gudawa suka kashe da yawa, wasu suka gudu. A 1943 abin da aka haƙo ya haura tan 15,000. Ba mu jin daɗin yadda matasanmu ke zuwa Jos su ɗauki hoto a bakin tafki su dawo ba su san wannan ba.

Kuza ba Bature ya gano ta ba. Tun kafin zuwansu maƙeran Liruwe, wato Ririwai ta ƙasar Kano, suna narka ta su zuba ta siri-siri kamar tsinke, fatake su kai kasuwanni. Bin sawun wannan ne ya kawo Turawan kamfanin ciniki na Neja tudun Jos a farkon shekarun 1900. Garin Jos da kansa kuza ce ta gina shi, ita ta jawo leburori da 'yan koli da mahauta daga ƙasar Hausa. Ko a sunayen mazaɓun Jos ta Arewa za ka gani: akwai Ibrahim Katsina, akwai Ali Kazaure.

Ka fara da gidan tarihi na ƙasa da ke tsakiyar gari, wanda Bature masanin kayan tarihi Bernard Fagg ya kafa a 1952, ka ba shi safiya guda cikakkiya. Kawunan yumɓu na Nok da za ka gani a ciki, waɗanda suka haura shekara 2,000, masu haƙar kuza ne suka tono su: na farko a 1928 kusa da ƙauyen Nok, wani kuma daga ƙasar Jama'a da aka kawo wa Fagg a 1943 bayan an yi ta korar tsuntsaye da shi a gona. Akwai ɓangaren da ke nuna aikin kuza, akwai tarin rubuce-rubucen Larabci na hannu, akwai ɗakin tukwane. A harabar akwai tsofaffin kawunan jirgin ƙasa. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso tudun a 1914 don ɗaukar kuza, faɗinsa ƙafa biyu da rabi kacal, aka rufe shi a 1957. Babban layin da ya biyo ta Kafanchan ya iso a 1927. Daga nan ka taka zuwa gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ake kira MOTNA, inda aka yi ginin ƙasa na kwatankwacin ganuwar Kano da masallacin Juma'a na Zariya da fadar Katsina. Ruwan Jos yana cin ginin ƙasa, za ka tarar wasu sassan sun ji jiki, amma Bakatsine zai tsaya ya daɗe a wurin. Ka tambayi kuɗin shiga da na ɗaukar hoto tun a ƙofa, ka karɓi tikiti.

Washegari ka hau motar haya zuwa Bukuru, ka dawo ta Rayfield. Duk tulin jar ƙasa da ka gani gefen hanya da tafki a gindinsa, tsohon wurin haƙa ne. Ana kwashe ƙasar sama har a iske tsakuwar tsohon rafi, a buge ta da ruwa mai ƙarfi, a tura ta cikin doguwar kwata mai shinge-shinge. Kuza ta fi yashi nauyi kusan sau biyu da rabi, sai ruwa ya tafi da yashin ita ta zauna. Har yau za ka ga mata da samari a bakin rafi suna yin wannan da hannu: a ɗebi ƙasa a kwano, a nutsa shi cikin ruwa, a riƙa juyawa ana karkatawa kamar yadda ake rege shinkafa, har a bar baƙin gari mai ƙyalli a gindin kwanon, wanda idan aka zuba maka cikin tafi za ka ji nauyinsa ya fi girmansa. Aikin da yayan mahaifinku ya yi bai yi nisa da wannan ba. Manyan kamfanonin sun watse bayan da arzikin ya ja baya, farashin kuza kuma ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, suka bar ramukan a buɗe.

Kabari da suna kam da wuya ka samu. Idan takarda kake nema, fayilolin lardin Filato da na Katsina na wancan zamani suna gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna. Ka tafi da ɗa ko jika mai karanta Turanci.

Tambaya: Na ga hotunan tafkunan Jos, ruwan shuɗi ko kore, gwanin sha'awa. Na iya iyo sosai. Ana shiga? (Matashi, Mai'aduwa)

Amsa: Kada ka shiga, ƙanena, ko gwanin iyo ne kai. Kududdufin da ka saba da shi yana gangarowa a hankali, ka taka ka ji ƙasa. Wannan rami ne da inji ya yanka, taku biyu daga baki sai ƙasa ta ɓace, wasu zurfinsu ya fi tsawon bene. Ruwan sama-sama yana da ɗumin rana, na ƙasansa sanyi ƙalau. Jiki na faɗawa cikinsa numfashi ya sarƙe, jijiyar ƙafa ta ɗaure. Gindin laka ce mai laushi da ta taru shekara da shekaru, tana riƙe ƙafa, ga tsofaffin ƙarafa da waya. Gaɓar kuma tana zaftarewa idan ka kama ta za ka fito, musamman da damina. Irin waɗannan tafkuna sun haura dubu a jihar, kuma suna cin mutane da dabbobi. Akwai kuma tsargiya a ruwan da ba ya gudu. Idan kwale-kwale kake so ka je wurin shaƙatawa na Rayfield, shi ma tsohon ramin kuza ne, ka ƙi hawa sai an ba ka rigar kariya daga nutsewa.

Haka nan ramukan loto, wato rijiyoyin da masu haƙa da hannu ke tonawa su bi kuza ta ƙarƙashin ƙasa. Za a iya yi maka tayin a zura ka da igiya ka gani. Ka ƙi. Babu abin da ya tokare bangon, iska ba ta isa ƙasa, suna ruftawa da masu aikin kansu. Tsofaffin kuma ciyawa takan rufe bakinsu, saboda haka a filin haƙa ka bi turbar da ƙafa ta taka kawai. Kada kuma ka ɗebo baƙin yashin da ake zubarwa bayan tace kuza ka kawo gida. Akwai ma'adinan da ke fitar da tururin nukiliya a cikinsa, illarsu tana ga mai daɗewa kusa da su.

Tambaya: Muna so mu hau duwatsun Shere ba tare da biyan kuɗi mai yawa ba. Zai yiwu mu hau mu kaɗai? (Ɗaliba, Katsina)

Amsa: 'Yar'uwa, kuɗin ɗan jagora shi ne wanda ba a ragewa. Duwatsun suna gabas da gari, kimanin kilomita 10, ƙololuwarsu ta kai mita 1,829, kuma turbobin ba su da alama. Hazo na saukowa sai ko'ina ya zama iri ɗaya. A nan makarantar horar da shugabanci ta 'yan Man O' War take, ku tambaya a can ko wajen mai unguwar ƙauyen da ke gindin dutsen, ku yi ciniki kafin a fara, ku haɗa kuɗin. Ku fara hawa ƙarfe bakwai, ku juyo kafin azahar. Da damina hadari yakan haɗu da rana tsaka, tsawa tana faɗawa kan tsauni, jiƙaƙƙen dutse mai gansakuka kuma santsi gare shi. Kowa ya riƙe ruwa lita biyu da dabino ko gyaɗa. Ki sa wando a ƙarƙashin doguwar riga, hijabi ya zama gajere wanda ƙaya ba za ta kama ba, hannu biyu su zama a sake. Kada a zura hannu cikin kogo ko ƙarƙashin dutse saboda maciji. Mai shata ku ba shi rabin kuɗi, sauran sai ya dawo ɗaukarku, ku karɓi lambarsa.

Idan akwai mai ciwon gwiwa a cikinku, gandun namun daji na Jos da aka kafa a 1972 yana cikin gari, tafiyarsa ba hawa sosai. Dutsen Riyom da magangarar ruwa ta Assop suna kan hanyar Akwanga, sun fi nisa da tsada, kuma sai kun tambayi halin da hanyar ke ciki a ranar.

Tambaya: Wace tsaraba ce za ta iso Daura lafiya? (Amarya, Daura)

Amsa: Amarya, ki sa a saya miki a kasuwar Farin Gada da yammacin jajibirin dawowa. Dankalin turawa da karas da kabeji suna jure hanya idan an zuba su a buhu mai huda ko kwando. A cikin leda gumi suke yi, zafin Kano na bugunsu su fara ruɓa. A zaɓi dankali busasshe marar tabo, wanda bai yi kore ba, kada a wanke shi. Acca ba ta da matsala ko kaɗan, sai dai a tambaya ko an surfa an wanke, don mai yashi tana ba da wahala. Takalma da jakunkunan fata akwai su a Naraguta. Sitiroberi na yankin Vom ana samunsa da rani, amma awa tara a mota mai zafi yana narka shi. In dole ne a sayi wanda bai gama nuna ba da safiyar tafiya, a jera shi a kwali sahu ɗaya, a riƙe a cinya. A yi cinikin kuɗin buhu da direba kafin a ɗora, a kuma tuna za a sake biya a Keken Kano da motar Daura, don haka abin da bai kai rabin buhu ba gara a raba shi cikin jakunkuna. Motar Kano ta farko tana cika da sassafe, a kasance a tasha ƙarfe shida.